Ba Ciyawa Ka Tuge Ba

Baban Nanven,

Na tafi aiki. Ban tashe ka ba, don da na tashe ka da mun yi faɗa.

Da safen nan na zaga bayan gida in ba shukokina na furen popi ruwa, sai na tarar da wajen tas kamar an share. Na buɗe bola, ga su nan a ciki sun yi yaushi.

Jiya da na ce ka cire ciyawa, gindin shinge nake nufi, ba inda na kewaye da zare ba. Ai ka gan ni a Fabrairu cikin sanyin nan ina gauraya irin da yashi ina barbaɗawa, har kana cewa ta taga, "Prisca, ƙura kike shukawa?" Sati shida ina jiran su fito.

Kuma irin nan ba na kantunan garin nan na Wendover ba ne. Anti Perpetua ce ta ba ni daga lambunta kafin a kwantar da ita a asibiti, na yi mata alkawarin furen farko. Duk zuwan da na yi sai ta tambaya.

Guda bakwai sun tsira kusa da famfo. Kada ka taɓa su, kada kuma ka mayar da waɗanda ka tuge, popi ba ya jure dashe.

Abincinka na cikin firij. Ranar Lahadi bayan coci tare za mu je wurin Anti, kuma da bakinka za ka faɗa mata.

Prisca