Rumbun Irin da Yaya Ya Bar Mini

Ajingi,
12 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga yayana, Mai Unguwa Tukur,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙafar? Bubayero, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce mai ɗorin Gaya ya hana ka motsi sai ka cika kwana arba'in. Mai ɗorin na fi tausaya wa, don na san halinka. Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, Yaya, na yi abin da ka hana. Na buɗe rumbun iri.

Ban manta ba. Ranar da aka ɗora ka a kan jaki, kana cije baki don zafi, ka ce ko wa zai yi kuka kada in fasa liƙin rumbun nan, domin geron ciki shi ne irin da unguwa duka ta tara bayan farin bara. Kwana ashirin da uku na riƙe. Mutane sun ci dusa, mata har gidan tururuwa sun tona. Sai maza suka fara taruwa a ƙofar gida, wasu a fasa, wasu a jira ka. Badaru da Kawu, da suka tashi tsakar gida ɗaya, suka ɗaga wa juna fartanya. Ran Talata Hure matar Badaru ta kwantar da 'yarta a gabana. Yarinyar ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Da hannuna na fasa lakar, na raba wa kowane gida.

Na kai wa Malam Abdulsalam damuwata. Ya ba ni labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya tafi ganawa da Ubangijinsa kwana arba'in, ya bar wa ɗan'uwansa Haruna jama'a a daji. Mutanen da aka tsaga wa teku suna gani suka kasa jira. Da ya dawo ya kama gemun ɗan'uwansa, shi kuwa ya ce rabuwar kan jama'a ya ji tsoro. Malam ya gargaɗe ni kada in haɗa mai jin yunwa da mai bautar ɗan maraƙi. Ban haɗa ba, kuma ni wa, da zan kwatanta kaina da annabi? Amma tsoron nan na san shi.

Ka yafe mini. Iyalinka suna lafiya, suna gaishe ka.

Ƙanenka,
Datti.

Ajingi,
9 ga Yuni, 1974.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta fara taka ƙasa. Bubayero ya dawo hannu biyu, babu amsa. Ya ce da ka gama karantawa ka juya wa bango fuska. Wallahi da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Shekaranjiya ruwan shuka ya sauka. Kowa na murna, ni kuwa na tsaya a gindin rumbu, babu ko ƙwaya a ciki. Ina nan sai ga tsohuwa Indo da ƙoƙon gero a hannu, ta juye a tabarma. Ashe ba ta iya daka nata duka ba. Ta ce hannunta ne ya ƙi, shekara sittin ba ta taɓa sa iri a turmi ba. Sai mata suka yi ta fitowa, wannan da ƙulli a bakin zane, wannan da ludayi. Hure ce ta ƙarshe, 'yarta na biye da ita da ƙafarta. Na yi kuka a gaban mata, Yaya, sai ka zo ka yi mini dariya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin da aka tara bai wuce na gona ɗaya cikin huɗu ba. Sauran za su kwana a bana, kuma laifina ne. Mun yi gayya mun shuka gonakin da suka fi ƙasa mai kyau, Badaru na saran rami, Kawu na binnewa.

Malam ya ƙarasa mini labarin. Da fushin Annabi Musa ya kwanta, gafara ya roƙa wa kansa da ɗan'uwansa, a addu'a ɗaya. Ita nake jira. Gemuna kuwa ban rage shi ba, na bar maka yadda hannu zai kama. Ka dai dawo gida.

Ƙanenka,
Datti.