Kurangar da Ba a Binne Ba

Yinchuan, 26 ga Oktoba

Ƙanena Shouli,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Tun ran da Baba ya damƙa maka gonar inabi, ni da na baro jami'a na zo muka tsince tsakuwar filin da hannu, ban tsoma baki a harkarka ba. Na ga kwalbar giyarka da hotonka a jiki, an rubuta "wanda ya kafa". Lokacin da ake kafawar kana makaranta da majina a hanci. Na haɗiye wannan ma.

Amma na ji har yau ba ka kwantar da kurangar inabin Baba ka rufe ta da ƙasa saboda hunturu ba, ga maƙwabta duk sun gama. Sanyin dutsen Helan ba surukinka ba ne, ba zai ji kunyarka ba. Ka binne ta.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Shouren

2 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ashe kana da rai! Sai an taɓa gona ake jin muryarka. Baƙi ne ke zuwa daga Shanghai ɗaukar hoto cikin jan ganye, su ke sayen giyar. Wa zai shigo jirgi ya kalli tudun ƙasa? Sauran layuka na rufe, tsohon layin Baba kaɗai na bari, shi ya fi kyau a hoto. Sanyin yanzu ma ba kamar na zamaninku ba ne, Malam Farfesa. Matata Meilan ta ce ka zo ka ci taliya da naman rago, ko ɗacin bakin ya ragu.

Naka, Shouli

6 ga Nuwamba

Shouli,

Na gode wa Meilan. Baba, da ciwon bayansa, yana durƙusawa ya lanƙwasa kowane reshe a hankali don kada ya karye, sannan ya sa shebur. Kai kuma ka tsayar da kurangar tsirara don matan birni su jingina. Ban haifi ɗa ba, ban gaji fili ba. Wannan layin ne kaɗai abin da hannuna da nasa suka dasa tare. Shago ya dace da kai, ba gona ba.

Shouren

5 ga Afrilu

Shouli,

Na je share kabarin Baba kamar yadda aka saba kowace shekara, ban same ka ba. Na biya ta gona ana tono kurangar da aka binne, duk ta fito da ɗanyen toho. Na kankare ɓawon layin Baba tun daga farko har ƙarshe, har saiwa na tona. Babu kore ko ɗaya. Ya mutu duka.

Ka huta lafiya.
Shouren