Tururuwar da ta Tona Mini Asiri

Inday Soling, farin watan da ke kwana a kan kogin Iloilo, sanyin ruwan farko bayan an ƙone gonar rake, hasken idon tsohon ɗan gwangwan!

Sati uku ke nan ƙofarki a rufe gare ni, kuma wallahi na cancanta.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona, kina neman naɗin takarda mai huji-huji wanda fiyanon kakarki ke karantawa ya kaɗa kansa? Kika ɗaga wani sama, rana ta zubo ta hujojin ta sauka a kumatunki kamar yayyafi. Shekara talatin ina sayar wa mutane tsufa, ranar ce na manta da ciniki.

Daga baya kika ce waƙar bikin kakarki kike so, bugun asali. Ba ni da shi. Me zan yi, in ce babu ki daina zuwa? Na ɗauki sabon bugu, na canza masa sanda da akwati, na shafe shi da gahawa ya yi ja kamar tsoho, na kai miki a matsayin na asali. Kaico! Wane ɗan garin nan ne hannunsa ya iya dafa gahawa bai jefa mazarƙwaila ba? Kwana biyu tururuwa ta yi layi cikin fiyanonki. Kika ce, "Nong Tasyo, takardar shekara ɗari ce ke da zaƙi haka? Kwashe baƙinka ka fita." Ni da na yaudari dillalan Manila, ƙwaro ya kayar da ni!

Yanzu na samo na gaskiya, a ɗakin ajiyar wani gida a unguwar Jaro. Gefensa ya bushe ƙamas kamar busasshen ganyen ayaba, mai yiwuwa sau ɗaya zai ƙara juyawa kafin ya yage. Ban kunna ba. Wani mai tara tsofaffin kaya ya zo saya sau biyu, na kore shi, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

Ki bar ni in kawo ran Lahadi. Ke za ki taka fedar fiyanon, a hankali. Ni ko a matakala aka ajiye ni, zan ji. In kin ƙi ganina, zan ajiye a bakin ƙofa in juya, don naki ne ko da ni ko ba ni.

Naki har numfashi ya ƙare, maƙaryacin da ya tuba a hannunki,
Tasyo