Hotuna Shida a Jere

Litinin, 4 ga Oktoba, 2021

'Yata Hawwa ta dawo daga Gwaram da wayar marigayi yayanta. Wai matarsa Bara'atu ce ta ce a kawo min, akwai hotunansa a ciki. Hotuna! Da ransa ba ta aiko ta ce min ba shi da lafiya ba, sai da ya kasa tashi. Kwana tara a asibiti, shi ke nan. Ranar jana'iza na faɗa mata a gaban mata, "Shirunki ne ya kashe min ɗa." Ban janye ba. Tun ranar ban sake taka Gwaram ba.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Ƙarshen watan nan Bara'atu za ta fita takaba, iyayenta su zo daga Fagam su tafi da ita da yaran biyu. Hawwa ta ce, "Inna, in ba ki je kun shirya ba, jikokinki ma sai dai a waya." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Talata, 12 ga Oktoba

Na je shagon Malam Sada mai hoto, nan bakin tashar Birnin Kudu. Guda ɗaya nake so ya wanke min in sa a akwati. Ya juye abin da ke wayar a kwamfutarsa.

"Wanne za a wanke, Inna?"

Na ce kowanne.

"A'a, bari in jera miki, ki zaɓa da idonki."

Ya jawo guda shida, ya yanko fuskokin zuwa ƙirji, ya jera su kafaɗa da kafaɗa bisa kwanan wata, daga ƙaramar Sallar bara zuwa ta bana. Na farko kumatu cike, yana dariya jikin motarsa. Na uku hular ta sauko masa har kunne. Na biyar wuyan rigar kamar ta aro. Na shida ban iya rubutawa.

Malam Sada ya ce, "Subhanallahi. Wannan bawan Allah ai shekara ya yi yana narkewa."

Na ce, "Matarsa kuwa tana kallo."

Ya danna wani abu, hotunan suka buɗe gaba ɗayansu, da duk wanda ke ciki. Ya ce a hankali, "Inna, wannan ta gefensa ba ke ba ce?"

Ni ce. A huɗu cikin shidan. Duk na kau da kai, ina kallon bango.

Laraba, 13 ga Oktoba

Ban hura wuta ba yau.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu ban kira sunansa ba, "wancan" nake cewa. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma idona a kan faifai, "Lafiya, madalla," in tura masa kwano. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taras. Mata suna ta yabo, "Kai, Kulu akwai kara, ko ɗaga ido ba ta yi ta dube shi." To ina masu yabon? Kowacce nata ɗan yana raye, tana cin cefanensa.

Sallar bana ya bar tuwon ko rabi bai ci ba. Abin da na ce kawai, "An dai saba da cimar amarya." Ya yi dariya. Dariya ya yi min.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Hawwa ta ce shi ya hana Bara'atu faɗa, wai kar hankalina ya tashi. Ta ce duk da haka Bara'atu ta gwada sanar da ni. Na ce ƙarya ne.

Ba ƙarya ba ne. Ranar sunan ƙaramar 'yarsu, ta same ni a madafi, ta ce, "Inna, don Allah ki ɗan dube shi mana." Na ce yaran zamani ba kunya, yau ni za a koya wa kallon ɗa?

Amma ai da sai ta kama hannuna. Da sai ta yi ihu. Ita wace kunya ta ɗaure ta?

Laraba, 20 ga Oktoba

Na koma wurin Malam Sada. Na ce ya wanke min duka shidan a takarda ɗaya, yadda ya jera. Ya ce, "Da ke a ciki, ko in yanke ki?" Na ce ya bar ni. Ai haka aka yi.

Talata, 26 ga Oktoba

Gwaram. Yaran na je gani, ba ita ba.

Ta fito da mayafin takaba, ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa, muryar da ƙyar. Na ce ta matso. Na ce ta ɗago. Ƙasusuwan wuya duk a waje, zoben aurenta ya koma babban yatsa.

"Ba kya cin abinci."

"Ina ci, Inna."

"Ƙarya kike."

Na shiga madafinta na dama kunu, na ɗumama tuwo. Ban ba ta haƙuri ba, kar Hawwa ta je tana yawo da ni. Motar ƙarshe ta Birnin Kudu ta tafi ina ji. Na dai zauna a gabanta har ta cinye kwanon, ina kallonta.