Akuyar da Ruwa Ya Ci

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Legas? Ya maigidanki da su Ummi? Mu nan Goronyo lafiya lau.

Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba: ina ƙyashin ƙanwarmu Saratu. Ranar da aka sako ruwan dam, ya tafi da akuyata da tata. Saratu ta ɗora hannu a ka tana ihu, "Wayyo, na shiga uku! Na lalace!" Gida duka ya taru yana lallashinta. Ni kuwa, da Baba ya ce, "Ke fa, mi ya same ki?" sai na sunkuyar da kai na ce, "Ba komi."

Jiya Kawu Bello ya kawo wa Saratu 'yar akuya ja. Ni aka ce Allah ya yi wa mai haƙuri albarka. Alhali tawa ce mai ciki, kuma baƙin cikinta ya hana ni cin tuwo.

Ban iya ihu ba. Amma in Baba ya sake tambayata, zan dube shi in ce raina ya ɓaci.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Balkisu