Ƙwallon da ke Aljihuna

Litinin, 3 ga Yuni

Mai duba taurari ya tsayar da rana: Asabar ta sama za a fara ba jikata Senuli abinci. Jikata! Har yanzu in na rubuta kalmar sai na tsaya na kalle ta. In ta ɗanɗana shinkafar madarar kwakwa, za a shimfiɗa tabarma a jera mata littafi, alƙalami, almakashi da ayaba. Abin da ta fara ɗauka, hanyarta ke nan. Ni akwai abin da nake so a ƙara.

Laraba, 5 ga Yuni

Na ciro tsohon ƙwallon wasan kurket daga ƙasan akwati. Jan launinsa ya dushe, ɗinkin yana nan daram. Da shi ɗana Nalaka ya jefa ya fitar da ɗan wasan abokan hamayya a wasansa na farko da rigar ƙasa. Wasa biyu ya yi musu. A rediyo muka ji an sa wani a gurbinsa. Ya ɗan ƙara jimawa a kulob, sannan ya ajiye kurket, ya buɗe shagon taya a garin Matara. Bai sake riƙe ƙwallo ba.

Matata Soma ta ce, "Tsoho, mayar da abin nan." Na ce ai mata ma suna jefawa yanzu, har a talabijin. Ta ce, "Ba jinjirar nake ji ba. Uban nake ji."

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na sake sharewa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Su Nalaka sun zo cin abincin rana. Senuli ta damƙe mini yatsa, da ƙyar na ƙwace. Na ce, "Puta, ɗana, dubi tsawon yatsun nan. Na masu murza ƙwallo ne." Ya ce, "Na masu ja wa kaka gemu dai." Muka yi dariya. Sai na ambaci tabarmar.

Ya ajiye kofi. "Tatta, kai ubana ne, ba na son yi maka musu. Amma in na ga ƙwallon nan a tabarma, zan ɗauki 'yata mu tafi."

Ko ayabar da Soma ta ɗaure musu bai tsaya ya karɓa ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na dubi hannun Nalaka ranar nan. Kantar da ɗinkin ƙwallo ya yi wa yatsansa ta goge. Da can har tsagewa take yi, ya ɗaure ya ci gaba. Sa'ad da nake aikin jan abin daddale fili a makarantarsu, nakan ji ƙwallonsa yana huci a iska kafin ya sauka ya juya. Don in karanta sunansa a jarida na shiga ajin yamma na koyon karatu da furfurata. Sau biyu na karanta shi a cikin 'yan wasan ƙasa. Har yau idona yana nemansa.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na sa ƙwallon a aljihun farar rigata. Na cire. Na mayar. Soma ta ce da ƙwallon yana da baki da ya roƙe ni hutu.

Asabar, 15 ga Yuni

An kunna fitilar mai, an ba ta lomar farko, ta tofa wa ubanta a riga. Aka ajiye ta a bakin tabarma. Hannuna yana aljihu. Na dubi Nalaka ya durƙusa yana kiranta, fuskarsa a sake kamar yadda na daɗe ban gani ba. Hannun bai fito ba.

Ayaba ta ɗauka. Soma ta ce, "Shi ke nan, ta gaji kakanta!"

Da baƙi suka ragu, ina zaune a baranda da ita a cinya, sai ta fara tonon aljihuna. Nalaka ya ce, "Tatta, ko kwakwa ka ɓoye a rigar nan? Kawo, kar ta sa a baki."

Na miƙa masa ƙwallon. Ya tsaya yana magana da mahaifiyarsa, bai ma sani ba yatsunsa suka nemi ɗinkin, ya murza shi daga hannu zuwa hannu. Ƙwallon ya yi hucin nan. Senuli ta ƙyalƙyale da dariya. Nalaka ya dubi hannunsa. Ta miƙa hannuwa tana neman ƙari.

Ya sake murzawa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Nalaka ya tafi da ƙwallon. Wai don yarinyar ta daina kuka a mota.

Yau na karanta jarida daga shafin farko, ban fara ta shafin wasanni na baya ba. Soma ta tambaya ko har yanzu ina jin haushin ayabar. Na ce ayaba ma abinci ce.