Bari da Ɓari

Yelwa, 9 ga Yuli

Yaya Jummai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina tafiya kasuwa a ƙasa, ba gasa ake yi ba.

Kin ce kullum na yi miki bayanin aikina a waya kanki ciwo yake yi, to ga shi a takarda, malamar Hausa, ki karanta a hankali. Ƙungiyarmu tana da ƙananan asibitoci bakwai a bakin ruwa, daga Shanga har ƙasar Ngaski. Duk matar da ta zo awon ciki, ana shigar da ita a kwamfuta, bayanin ya taru a rumbunmu na ofis. Jadawali uku ne: na sunayen mata, na ranakun awo, na lambobin waya, kuma lambar kati ce ta ɗaure su wuri ɗaya. Da, sai ƙarshen wata nake kwashe su a filash. Yanzu na haɗa rumbun da abin da ake kira gajimare. Kada ki ɗaga kai sama, kwamfutocin wani kamfani ne a ƙetare. Ana rubuta abu a asibitinmu na Wara, kafin ki ƙifta ido sun gani. Idan mace ta bar zuwa awo, na'urar ta lissafa watan cikinta ta kira wayar gidan ranar Litinin. Kuma muryar wa kike tsammani? Ta ƙanwarki ce aka naɗa, wadda kike cewa tana magana kamar mai tallar fura.

Abu ɗaya ya ba ni wahala. Haruffanku masu lanƙwasa ba sa tsallakawa lafiya, duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ sai ya isa can da alamar tambaya a kansa. Oga yana tsaye a bayana, baƙi za su zo kallo washegari. Na ga wani ɗan akwati da ke mayar da baƙon harafi zuwa mafi kama da shi na Turanci, na danna. Komai ya yi fes. An tafa mini, amma ban san me ya sa raina bai kwanta ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Murjanatu


Yelwa, 15 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida. Ni dai jikina lafiya, sauran kuwa sai addu'a. Wannan maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba direba takarda.

Garin neman gira na rasa ido. A jadawalin awo akwai gurbin da ma'aikaciya ke rubuta yadda aka ƙare da mace: haihuwa, ko ɓari, ko bari, wato ta bar zuwa. Kin riga kin gane, na sani. Akwatin nan da na danna ya sauke lanƙwasar, ɓari ya koma bari. A rumbunmu komai daidai yake, ma'aikatan ba su yi kuskuren ko ɗigo ba. A hanya ne abin ya lalace, kuma hanyar ni na gina ta. Mata goma sha ɗaya da cikinsu ya zube, mako biyar ina kiransu da bakina ina cewa, "Salamu alaikum, daga asibiti ne. Cikinki ya shiga wata kaza, ki zo awo, muna jiranki."

Sista Ladidi ce ta gano, ungozomar asibitinmu na Tungar Dudu. Ta kira ni tana faɗa kamar za ta fito ta cikin wayar, kuma ban ga laifinta ba. A ranar na tsayar da kiran, na cire dannawar, na mayar da gurbin lamba ɗaya, biyu, uku. Gyaran bai ci minti ashirin ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Goma daga cikinsu sun ɗauka shirmen na'ura ne. Wata ta yi kuka, wani miji ya zage mu, mun ba da haƙuri. Ta sha ɗayan ita ce Uwani. Shekararta tara da aure, ciki huɗu, ba ko ɗaya da ya zo da rai. Na ƙarshen ya zube a watan Yuni yana wata huɗu, Ladidi ce ta yi mata wankin ciki da hannunta. Lambar da ke katinta ta mijinta ce, Ɗangana, masunci. Da kira ya zo na farko bai kula ba. Da ya zo na biyu, na uku, sai wata tsohuwa ta ce ai tagwaye ne, ɗaya ya tafi, ɗayan ya kwanta, kuma kwantaccen ciki yakan tashi in Allah ya so. Tunda asibiti da kansa yana ƙirga wata, wa zai musa? Yanzu ya hana ta bandar kifi saboda hayaƙi, ya hana ta taɓa filafilin tuƙa jirgi, ya gaya wa duk masuntan tungar. Ladidi ta je ta yi masa bayani, ya ce ita ƙaramar ma'aikaciya ce, manyanta na Yelwa sun fi ta sani.

Oga ya ce a rubuta rahoto a bar maganar, idan kira ya daina zuwa za su gane da kansu. Yaya, su gane yaushe? A wata na tara? Ina jin kunya, ina jin tsoro. Jibi akwai jirgin kasuwa mai zuwa Tungar Dudu, zan bi shi.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki,
Murjanatu


Yelwa, 19 ga Agusta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je na dawo lafiya, ruwa ya cika sosai amma jirgin bai yi lodin wuce kima ba.

Na sami Uwani a gindin rumfa, zaune a kan tabarma ba ta aikin komai, abin da Ladidi ta ce ba a taɓa gani ba. Siririya ce, mai tsagar Sarkawa. Na ɗauko bayanin harafi da lanƙwasa, har na zana mata a ƙasa da tsinke, sai na ga wautata, matar da ba ta yi boko ba ina nuna mata ƙugiyar harafin ɓa. Na share, na ce mata kawai babu ciki, kuskurena ne, ta yafe mini.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta sani tun ran farko, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta ga al'adarta sau biyu tun daga lokacin. Na ce to me ya hana ta faɗa? Ta ce shekara tara ba ta ga mijinta yana waƙa a cikin jirgi ba sai a makonnin nan. Kullum takan ce gobe za ta gaya masa, gobe ta yi ta kasa. Sai ta dube ni ta ce, "Bakin da yaɗ ɗamre, shi ka kwancewa. Ki tai bakin ruwa, yanzu shi ka isowa."

Na gwammace a ce in shiga ruwan. Na tsaya a kan yashi wajen awa guda, har jiragen suka fara shigowa. Ladidi ta nuna mini shi, dogo, da hular saƙa. Na matsa na yi sallama. Sallamar kawai na yi, Yaya. Ya saki igiyar jirgin, fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya ya ce, "Wagga murya na san ta! Ku taho ku gani, ga mai kiranmu ran Littinin ta zo da kanta!" Kafin in buɗe baki ya zaro giwan ruwa mafi girma a jirgin ya aza mini a hannu, mutane suka kewaye mu suna yi mini sannu da zuwa.

Na roƙe shi mu koma gefe. Na gaya masa, kifin yana rungume a ƙirjina don ban sami inda zan ajiye ba. Ya sa na maimaita. Ya tambaya ko na'urar ce ta aiko ni, na ce a'a, ni ce na'urar, ni na yi kuskuren. Ya daɗe yana kallon ruwa yana salati a hankali. Abin da ya tambaya bayan nan ɗaya ne, ko Uwani ta ji. Na ce ta ji. Ban gaya masa tun yaushe ba, kuma ba zan taɓa gaya masa ba. Ya ce to bari ya je wurinta, kada ta zauna ita kaɗai.

Na miƙa masa kifinsa. Ya girgiza kai, ya ce abin da aka bayar da farin ciki ba a karɓarsa da baƙin ciki, ya wuce.

Kifin yana nan a baho, na sa masa gishiri. Na kasa ci, na kasa bayarwa. Ki gaya mini yadda zan yi da shi.

Ki gaida Inna da yara, ki sa Uwani a addu'a.

Ƙanwarki,
Murjanatu